Yadda za ka bi sawun kakanka da ya je yaƙin Bama

Kakana ya rasu ina ɗan aji uku a firamare. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne: tabon da ke ƙwaurinsa, da yadda yake tsayawa ƙiƙam idan an ambaci samanja, da wani akwatin ƙarfe da ba a yarda mu taɓa ba. Sai da na haura arba'in na fara neman labarinsa, kuma na yi ta ɓata lokaci kafin in gane hanya. Ga abin da zan faɗa wa duk wanda ke da ɗan mazan jiya a zuriyarsu, irin waɗanda aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a yaƙin duniya na biyu.

Fara da tsofaffin matan gida, tun suna nan. Ni baffannina na soma tambaya, duk abu ɗaya suka ce: ya je Bama, ya yi jarumta, ya dawo. Gwaggona ce ta buɗe mini baki. Ita ta san cewa ba son yaƙi ya kai shi soja ba, an nemi mai gari ya kawo samari, shi kuwa maraya ne da babu mai tsaya masa. Ita ta san ya bar amarya da ciki, da yadda ake zuwa karɓar ɗan kuɗin da ake yanka daga albashinsa, da yadda aka kusa raba ɗan abin da ya bari don an ɗauka ya mutu. Kada ka je mata da takarda da biro kamar ɗan ƙidaya. Zauna kan tabarma, kai mata goro, kunna rikoda a waya ka ajiye gefe bayan ka nemi izini. Tambaye ta ƙananan abubuwa: da damina ya tafi ko da rani, wa ya raka shi tashar jirgi, me ya zo da shi, wane abinci ya daina ci bayan ya dawo.

Sai akwati. Abin da kake nema a ciki shi ne takardar sallama, domin a kanta lambar sojansa take, da bataliyarsa, da ranar da ya shiga. Lambobin sojan Nijeriya da NA suke farawa, na Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, da GC. Idan ka tarar da lambobin yabo, duba tauraron Bama, amma kada ka wahalar da ido neman suna a bayansa, yawanci ba a buga suna a taurarin yaƙin duniya na biyu. Ɗauki hoton kowace takarda kafin ka warware ta, tsohuwar takarda karyewa take a kan ninki. Na yi wannan ɓarnar da hannuna.

Lambar nan ta fi suna muhimmanci, kuma a nan na fi shan wuya. Ranar ɗaukar soja, malamin bariki sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa sunan gari ko ƙabila: wane Kano, wane Sakkwato, wane Zuru. Sunan uba ya ɓace ke nan. Wasu ma da gangan suka sauya suna, ko don gudun bashi, ko don kada dangi su biyo su. Kakana an rubuta shi da sunan garin da aka ɗauke shi, ba garin da aka binne cibiyarsa ba, na yi wata takwas ina neman mutumin da babu shi a takarda. Kuma don ka ji ana Hausa a bariki, ba kowa ne Bahaushe ba. Hausa ce harshen ba da umarni, shi ya sa Dakarkari da Tibi da Zabarmawa duk suka iya ta.

Da ka samu bataliya, hanya ta buɗe. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka je Bama, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya kuwa an ware su aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate. Ta 82 ta shiga yankin Arakan, inda kogin Kalapanzin yake, kuma an kama garin Myohaung a Janairun 1945. Sunayen nan ba baƙi ba ne, su ne a kan barikokinmu: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Myohaung a Legas. Idan gwaggonka ta ce dako ya yi, kada ka ji kunya. Dajin nan mota ba ta shiga, a kan mutane harsashi da abinci suka yi tafiya.

Wanda bai dawo ba, neme shi a shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila. Kyauta ne. Sa lambar, kada ka sa suna kaɗai. Da yawa da ba a san kabarinsu ba sunayensu na jikin ginin tunawa na Rangoon, a maƙabartar Taukkyan da ke Bama.

Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna na da fayilolin larduna na zamanin En'e, Gidan Arewa ma yana kusa. Tafi da haƙuri, ka ware kwanaki. Littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew, a Landan, a jerin WO 172. Sai dai sunayen hafsoshi Turawa suka cika shi, ƙaramin soja ba kasafai ake ambatonsa ba.

Na samu kwafin shafi huɗu na bataliyar kakana ta hannun wani ɗalibi da ke karatu can. Babu sunansa ko sau ɗaya. Amma akwai ranar da suka haye wani kogi da dare, na karanta wa gwaggo ina fassarawa. Ta yi shiru, sannan ta ce to shi ya sa har ya mutu bai yarda ya shiga kwalekwale ba.