Kurakuran da ɗaliban jami'a suka fi yi idan sun shigo Zango aikin sa-kai

Kusan kowane zangon karatu sai an kira ni: ga ɗalibai za su yi aikin hidimar al'umma a Nima ko Mamobi, unguwannin Zango na birnin Accra a Ghana, akwai maki a kai, a taimaka a yi musu jagora. Ina karɓa, domin ni ma ta nan na bi. Amma na gaji da ganin sabbin fuskoki suna faɗawa tsohon rami, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda zai zo ya karanta tun yana jami'ar Legon ko duk inda yake, kafin ya hau tirotiro, ƙaramar motar haya.

Babban kuskure shi ne shiga unguwa ba sallama, kuma ni na fi kowa sanin kuɗinsa. Ina shekara ta biyu a jami'a na ja abokaina muka je yashe kwata a wani lungu a Nima. A Mamobi aka yanke mini cibiya, don haka na ɗauka ba na buƙatar izinin kowa. Muka iso ranar Asabar da sassafe, riguna iri ɗaya, safar hannu, shebur sababbi. Samarin lungun suna zaune a bes ɗinsu, wato majalisar hirarsu, suna dafa shayin ataya, suna kallonmu, ba wanda ya ce uffan. Muka yi ta kwaso baƙin taɓo da leda da robobin ruwa muna tarawa a bakin kwatar har azahar. Muka ɗauki hoto, muka watse.

Ba mu tanadi abin da zai kwashe tulin ba. Ko tunaninsa ba mu yi ba. Kuma ashe daidai wurin ne wata Hajiya take kafa teburin koko da ƙosai da asuba. Kwana biyu ba mai iya tsayawa ya saya saboda wari da ƙuda. A na uku aka yi ruwa, rabin tulin ya koma inda muka ciro shi, rabi ya bi ƙofar gidaje. Da na koma, Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, ɗan gidan wa ne kai?" Na faɗa mata. Ta ce, "To a gidanku haka ake yi? A tono wa mutane wari a tafi?" Kafin magariba maganar ta isa kunnen mahaifina.

Da mun gaida mutum ɗaya tak, da an gaya mana. Yanzu ba na barin ɗalibi ya taɓa shebur sai mun yi mako guda muna gaisuwa kawai: limamin masallacin lungun, maigidan da aikin zai shafi ƙofarsa, asambiliman (wato kansilan unguwa), magajiyar mata, sannan samarin bes, waɗanda in ba su yarda ba, ba abin da zai tsaya. Kada kuma ku ce kun ga sarki ɗaya kun gama. Nima ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, Wangara, kowa da sarkinsa, Hausa ce dai ta haɗa bakinsu. Ni ina riƙe goro idan zan je wurin dattijo. Wasu abokan aikina suna cewa wannan tsohon yayi ne. Su suka sani.

Game da shara kuma, daga ƙarshe nake farawa: sai na biya mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, mun tsai da lokacin da zai zo da inda zai kai, sannan a sayi safar hannu. Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi Ayawaso ta Arewa, tun rabon da aka yi a 2018. Ku san ofishin da za ku nufa. Kuma ku daina yi wa mutane lacca a kan tsafta kamar yau suka fara ganin kwata. Babbar kwatar Nima cikin kogin Odo take zuba, kuma mutanen nan suna nan aka yi kwalarar 2014, suna nan aka yi ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015 a Sakul (shataletalen Kwame Nkrumah), wadda ta ci rai sama da 150. Abin da ya hana lungu tsafta sau da yawa shi ne hanyar da mota ba ta shiga, da gidan haya mai ɗaki goma ba bayan gida. Fosta ba ta maganin wannan.

Na biyu ya fi na farko ciwo, don a kan yara yake faɗawa: fara abin da ba za ku ƙarasa ba. Ku ji nan, ku masu zuwa koyar da lissafi da Turanci. Kuna zuwa da zafinku mako uku, huɗu, yaran su saba da ku, sai jarrabawarku ta matso ku ɓace kamar an ɗauke wuta. Ba sallama, ba saƙo. Kun san me uwa ta bari kafin ta saki 'yarta ta zo ajinku da la'asar? Talla ta bari, cinikin yamma guda. Na taɓa tarar da wata yarinya mai shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, zaune a barandar makarantar da muka aro, littafinta a cinya, ta ja layi ƙarƙashin lissafin da aka ce za a yi mata bayaninsa "mako mai zuwa". Mako na uku ke nan tana zuwa. Wanda ya yi mata alkawarin yana ɗakin karatu yana haddar nasa, ya riga ya miƙa rahoto, an ba shi makinsa. A rukunina yake, ni na kawo shi, don haka ni na tsaya gaban uwar ina kame-kame. Shekarar da ta biyo baya gida huɗu a lungun suka hana yaransu zuwa, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da nake yi yanzu: ranar farko, a gaban iyaye, nake faɗin ranar da za mu gama, in rubuta ta a allo. Mako shida ne, a ce shida. Kowane aji mutum biyu, in ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe. Sannan dole a sami ɗan unguwa, ko da wanda ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, da zai zauna tare da mu tun farko, littattafan su zauna a hannunsa in mun tafi. Wanda ya yi fashi biyu ba uzuri, ina cire sunansa, in sanar da malaminsa. An ce na cika tsanani. Na ji.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Kada ku sa aiki ranar Juma'a da rana. Asabar da Lahadi da safe yara suna makarantar allo da Islamiyya, malam ba zai sake muku su ba. Laraba ranar kasuwar Nima ce, matan da kuke nema suna can. Da azumi, a rage komai.

Hoto: a tambaya tukuna, yaro kuma iyayensa ake tambaya. Yaron da ka ɗauka a bakin kwata ba takalmi ka sa a Facebook, ƙanin wani ne, kuma wan nasa yana da waya.

Takardar tambayoyi ma a yi hankali. An sha zuwa ana tambayar mutanen nan nawa suke samu, su nawa ke kwana ɗaki ɗaya, ba su ƙara jin ɗuriyar masu tambayar ba. In dole ne, ku dawo ku karanta musu abin da kuka rubuta, da Hausa.

Kada ku raba kuɗi, ko sidi biyar ne. Gobe ajin zai cika da masu jiran rabo. Sutura ta zama ta shiga gidan mutane. Ku daina ƙanƙame jaka kuna waige-waige, ana ganinku. In an miƙo muku abinci ku ci, ko loma biyu.

Hajiyar nan tana nan da ranta, 'yarta ce ke riƙe teburin yanzu. Duk rukunin da na kawo, wurinta muke fara karyawa, kuma har yau in ta hango ni da baƙi sai ta ce, "Malam, yau ma da shebur kuka zo?"