Kurakuran da ke lalata ciyawar filin ƙwallo da na golf

Ban ruwa ne wurin da aka fi yin ɓarna. Ma'aikaci zai ja tiyo ya yayyafa safe da yamma, saman ƙasa ya jiƙe, can ciki kuwa a bushe. Saiwa ruwa take bi, don haka sai ta tsaya a sama-sama, ranar da famfo ya lalace kwana biyu ciyawar ta ƙone. Gyaran shi ne a shayar da filin ya ƙoshi, sau biyu ko uku a mako, da asuba kafin rana da iska su kwashe ruwan. Filin da aka gina da yashi zalla ya fi saurin bushewa, shi sai an ƙara masa.

A riƙa aunawa, a bar kintace. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne da 68, wato murabba'in mita 7,140, kuma ruwan milimita 5 kacal a kansa ya kai lita 35,700. A bazarar Kano ko Maraɗi fili na iya asarar fiye da haka a wuni ɗaya, shi ya sa rijiyar burtsatse ɗaya ba tare da babban tanki ba ba ta riƙe fili. A jera gwangwanayen kifi a wurare daban-daban, a kunna ruwa minti 20, a duba. Inda gwangwani ya tashi kusan wayam, nan ne sanƙo zai fara. Bayan an gama a soka sukudireba. In bai shiga santimita 15 cikin sauƙi ba, ruwa bai kai ba.

Sai yanka. Ana barin ciyawa ta yi tsawo don a rage kuɗin mai, ana gobe wasa a aske ta ƙasa-ƙasa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Kirikiri, wadda ta fi jure zafi da takawa, tana zama lafiya a milimita 20 zuwa 25 a filin ƙwallo. A kewayen ramin golf ana sauka zuwa milimita 3 ko 4, kuma wannan yankan kusan kullum ne, da injin mai wuƙaƙe masu juyawa kamar ganga. In bakin ganye ya yi fari-fari kwana ɗaya bayan yanka, wuƙa ce ta dakushe tana yagawa, a wasa ta kafin a zargi cuta.

Taki ma ana zarce masa. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, gram 11 a murabba'in mita ya isa a zubi ɗaya, kimanin buhu ɗaya da rabi na kilo 50 a duk filin. A raba shi biyu, a watsa rabi ta tsawon filin rabi ta faɗinsa, a bi da ruwa nan take, in ba haka ba ya ƙona ganye. Da hunturu ciyawa kan rage girma, zuba mata taki a lokacin zubar da kuɗi ne.

Abin da ido ba ya gani shi ne daddaɓewar ƙasa, musamman a bakin raga da tsakiyar fili. Ruwa ya kwanta, iska ta daina kai wa saiwa. Masu fili da yawa abin da suka sani shi ne a kawo rola a danne don ya yi sumul, wannan kuwa ƙara ciwon yake. Maganin a huda ƙasar zurfin santimita 10 zuwa 15, da inji ko da cokalin lambu, a cike ramukan da wankakken yashin rafi, a lokacin da ciyawa ke cikin ƙarfinta. Kada a zuba laka ko jar ƙasa a kan fili mai yashi, domin tana yin shimfiɗar da ke tare ruwa. Atisayen masu tsaron gida a mayar da shi gefe da ragar tafi-da-gidanka. A golf a riƙa sauya wurin rami.

Aya-aya ba ta mutuwa da cira, ƙwayarta na nan a ƙasa, kuma yawanta alama ce ruwa na kwanciya. Maganin kashe ciyawa na gilaifoset kuwa ba ya zaɓe, har ciyawar wasan yake kashewa.

Mai son wannan sana'a ta kula da ciyawar fili ya sani aikin tun duku-duku yake farawa, kuma babbar rigimarsa da hukumar fili ce, wadda za ta ba da hayar wurin don taro ko biki ana saura kwana uku wasa. Abin da ke cetonsa littafi ne: ranar yanka, yawan ruwa, nau'in taki, awannin da aka taka filin. Da shi zai nuna dalilin da ya sa yake neman a rufe filin mako uku ko huɗu a ƙarshen kakar wasa, da kuma kuɗin yashi da man inji da za a ware tun farkon shekara.