Idan Baki Ya Karkace Ya Kuma Miƙe

Mutum yana zaune sai baki ya karkace, hannu guda ya saki, harshe ya yi nauyi. Bayan minti goma komai ya koma daidai, iyali su ce iska ce ta buge shi. Wannan ƙaramar shanyewar jiki ce: gudan jini ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa sannan ya wuce. Haɗarin babbar ya fi yawa cikin awa 48 na farko, don haka ranar za a je asibiti, ko mai ita ya ce ya warke.

A gida, a ce ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa. Ɗaya ya gagara, a duba agogo a riƙe lokacin. Kada a ba shi ruwa, kunu ko rubutu, domin haɗiya kan lalace, abin ya zarce huhu. A kwantar da shi ta gefe.

Ma'aikacin lafiya ya fara da auna sukari. Faɗuwarsa tana kwaikwayon shanyewar jiki sak. Tansiyo zai hau, kuma nan ake yawan kuskure: a sa nifedifin, maganin saukar da tansiyo, ƙarƙashin harshe, jini ya faɗi farat ɗaya, sashen ƙwaƙwalwar da ke tangal-tangal ya ƙarasa mutuwa. In toshewar jijiya ce, ba a taɓa tansiyon sai ya haura 220/120, sai dai in za a yi allurar narkar da gudan jini.

Asfirin ma sai bayan sikana, wato hoton ƙwaƙwalwa. Ido ba ya bambance toshewar jijiya da fashewarta, kuma in ta fashe asfirin ƙara zubar jini yake yi. A Yamai a nufi babban asibitin ƙasa kai tsaye. A Tawa, asibitin jiha, ba tare da yada zango a kemis ba. Allurar narkar da gudan jini tana amfani ne cikin awa 4 da rabi, shi ya sa likita zai tambayi lokacin da aka riƙe.

In hoto ya nuna babu zubar jini, ana ba da asfirin miligiram 160 zuwa 300. A ƙaramar shanyewa mai haɗari ana haɗa shi da kulofidogirel, wani maganin hana gudan jini, kwana 21. A ɗauki awon bugun zuciya. In bugun ya hargitse, maganin hana jini daskarewa ake buƙata. Daga nan maganin tansiyo kullum, ko da azumi, a rage gishiri da dunƙulen magi, a bar taba. Yaro mai sikila in hannunsa ya saki, ƙarin jini ne gaggawarsa.