Yadda ake zama manajan ƙungiyar tseren mota

Mai kallon Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ya san manajan ƙungiya, mutumin nan da ke zaune a bakin titin tsere, na'urar sauraro a kunne, ido a kan kwamfuta. Hannunsa ba ya taɓa sitiyari, amma idan ƙungiya ta sha kaye shi ake fara tuhuma. Babu jami'ar da ke ba da takardar wannan muƙami. Daga ƙasa ake hawa, ga kuma hanyar da waɗanda suka kai suka bi.

Mataki na farko, ka riƙe sana'a ɗaya a cikin harkar har a san ka da ita. Ron Dennis, wanda ya daɗe yana jan ragamar McLaren, da kanikanci ya fara a ƙungiyar Cooper a 1966. Andrea Stella injiniya ne da ya yi aiki da direbobi Michael Schumacher da Fernando Alonso a Ferrari, ya koma McLaren a 2015, aka ba shi shugabanci a ƙarshen 2022. A 2024 ya kawo musu kambun ƙungiyoyi, wanda rabonsu da shi tun 1998. A ganina ƙofar injiniyanci ta fi kowacce faɗi a yau, domin motar zamani lissafi ce zalla, kuma injiniyoyi ba sa jin maganar wanda bai san abin da suke faɗa ba.

Na biyu, ka je inda aikin yake. Yawancin ƙungiyoyin a Ingila suke: Red Bull a Milton Keynes, Mercedes a Brackley, McLaren a Woking, Williams a Grove. Ferrari kuwa tana Maranello a Italiya. Rabon Afirka da Formula 1 tun tseren Kyalami na 1993 a Afirka ta Kudu, don haka matashin da ke nan sai ya sa tafiya a lissafinsa. James Vowles, shugaban Williams tun 2023, ya yi digiri na biyu kan injiniyancin motocin tsere a jami'ar Cranfield. Idan kana ɗalibi, ka shiga gasar Formula Student, inda ɗalibai ke ƙera ƙaramar mota da hannunsu su fafata.

Na uku shi ne ginshiƙin komai: ka shiga ƙaramar ƙungiya, ko ta Formula 4 ce ko ta Formula 3, ƙananan gasanni da ke ƙasa da Formula 1. A can mutum ɗaya ke yin aikin mutum biyar. Kai za ka cike takardun shiga gasa, ka kama wa ma'aikata masauki, ka tsaya a loda kaya a tirela ka duba jerin ɗaya bayan ɗaya, domin ƙaramin noti da aka manta a masana'anta yana iya zaunar da mota a gareji ranar Asabar. Idan direba ya daki katanga da yamma, kana tsaye da makanikai har tsakar dare, kai ke nemo musu abinci, kai ke buga waya neman kayan gyara. A nan ake gane wanda zai iya riƙe mutane cikin gajiya. Christian Horner ya kafa ƙungiyar Arden a 1997, daga nan Red Bull ta ɗauke shi a 2005 yana da shekara 31. Frédéric Vasseur, shugaban Ferrari tun 2023, ya ƙware ne a ƙungiyarsa ta ART, wadda direba Lewis Hamilton ya ci GP2, gasar da ke ƙasa da Formula 1 a lokacin, da ita a 2006.

Na huɗu, ka haddace dokokin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, kamar karatun allo. A manyan ƙungiyoyi kujerar ta rabu biyu: akwai shugaba a sama, akwai manajan da ke kula da gareji, tafiye-tafiye da kare ƙungiya a gaban alƙalan tsere. Manajan ne kuma ke horar da masu canjin taya, mutum kusan 20, kowa da abu ɗaya tak da yake yi. McLaren ta canza tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.8 a Katar a 2023, kuma maimaici ne na yau da gobe ya kai su nan.

Na biyar, kuɗi. Tun 2021 an ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe, aka fara da dala miliyan 145 a shekara. Red Bull ta ɗan zarce a waccan shekarar, aka ci ta tarar dala miliyan 7, aka rage mata kashi 10 cikin 100 na damar gwajin yadda iska ke bin jikin mota. Ka koyi karanta kasafi da shawo kan kamfanoni masu ɗaukar nauyi. Toto Wolff ta ƙofar zuba jari ya shigo, ya kai Mercedes ga kambun ƙungiyoyi 8 a jere daga 2014 zuwa 2021.

Na shida, direbobinka biyu, kowanne yana ganin shi ne gwani. A Sifaniya a 2016, Hamilton da Nico Rosberg sun yi karo a zagayen farko, motocin Mercedes biyu suka fita. A Hungari a 2024 sai da McLaren ta daɗe tana lallashin direbanta Lando Norris ta rediyo kafin ya mayar wa ɗaya direban, Oscar Piastri, matsayin farko. Ka zaunar da su tun kafin a tashi tsere, a yarda da wa zai fara shiga canjin taya da lokacin da ɗaya zai ba ɗaya hanya. Magana idan ta kai rediyo duniya na ji, ta riga ta fi ƙarfinka.

Kafin ka sa hannu a kwantiragi, ka sa lauya ya karanta maka sashen sallama da kyau. Horner ya yi shekara 20 a kujerar, da kambuna a hannu, amma aka sauke shi a watan Yuli na 2025 ana tsakiyar kakar tsere.