Kurakuran da Ake Yi Wajen Gyaran Banɗaki a Tsofaffin Gidajen Bauchi

Da yawa daga gidajen gado na cikin ganuwar Bauchi, irin na Jahun, Kobi da Nassarawa, ginin ƙasa ne da aka yi wa filasta. Mai irin wannan gida idan hali ya samu, yakan so ya yanki kusurwar ɗaki ya fitar da banɗakin zamani. Kuskure mafi tsada a nan shi ne manna tayil a jikin bangon ƙasa. Siminti ba ya kama laka sosai, ruwan wanka kuma yana bi ta tsakanin tayil ya shige ciki. Ido zai ga komai fes, amma a hankali fentin ɗakin da ke bayan bangon zai fara kumbura, fari-fari ya fito a gindinsa, ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amo kamar ganga. Bangon da ya jiƙe daga tushe, damina ce ke ƙarasa shi, kuma da mutane a kwance a ɗakin.

Maganinsa, magini ya tayar da bangon bulo mai nasa harsashin, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da tsohon gini. In tsakar gida na da fili, ni shawarata a gina banɗakin daban. Kuɗin bulo bai kai na tayar da ɗakin da ya rushe ba.

Sai daɓe. Ya kamata ya gangara zuwa rariya da kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kada ka sallami mai tayil sai ka kwara bokitin ruwa a gabansa ka ga inda ya nufa. Tun kafin tayil ma, a toshe rariya, a bar ruwa ya kwana a daɓen, da safe a duba ko ya tsiyaye. Bututun masai kuwa mai inci 4 ake sa wa, tare da bututun fitar da iska da zai zarce rufi, in ba haka ba wari ɗaki zai dawo.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne haƙa sokawe, wato ramin da ruwan masai ke zuba, kusa da rijiya. Masana lafiya suna ba da shawarar tazarar mita 30, wadda gidajen cikin gari ba kasafai suke da ita ba. In filin bai kai ba, kada a sha ruwan rijiyar sai an tafasa ko an sa masa kilorin. Mutanen Bauchi sun san abin da amai da gudawa ke yi wa gida. Tsohuwar salga ma ba a cika ta da shara a ɗora gini: jar ƙasa ake zubawa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa, a bar ta ta sha damina ta zauna.

A kuma yi lissafin ruwa kafin a sayi masai na zama. Kora ɗaya tana cin lita 6 ko fiye. Gida mai mutum 10, kowa sau biyu a rana, lita 120 ke nan, kusan jarka biyar. Inda ruwan famfo na madatsar Gubi ba ya zuwa kullum kuma babu tanki, na tsuguno da ake korawa da bokiti ya fi rufin asiri. Sai dai in akwai dattijo mai ciwon gwiwa, shi a sa masa na zama, da ƙarfen dafawa a bango, da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi. Tun ranar awo kuma a tuna wa mai aikin famfo kada masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, don bayan an binne bututu juyawa sai da fasa daɓe.