Darasi: Ƙaiƙayin Gaba a Lokacin Ɗaukewar Al'ada

Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin nan sai ta yi ta rikici, wannan wata ta zo, wani watan shiru. Idan aka yi wata 12 cur ba a ga jini ba, to ta ɗauke ke nan. A wannan tsakanin mata da yawa suna fama da ƙaiƙayin gaba, kunya kuma ta hana su faɗa wa ko da ƙawa ce.

'Yar uwa, a jikinki akwai sinadarin da likitoci ke kira istirojin. Shi ne ke sa fatar gaba ta yi laushi da danshi. Idan ya ragu a lokacin ɗaukewar al'ada sai fatar ta yi sirara ta bushe, kamar leɓe a lokacin hunturu. Daga nan sai ƙaiƙayi, da zafin fitsari, da raɗaɗi wajen saduwa da maigida.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mace kan ɗauka ƙazanta ce ko ciwon sanyi. Sai ta ƙara dirzawa da sabulu mai ƙamshi, ta ɗiga Dettol a butar tsarki, ta zauna cikin ruwan bagaruwa, ta yi turaren tsuguno, wata ma har da alif da kayan matsi. Duk waɗannan ƙara busar da wurin suke yi, fatar ta tsattsage, ƙaiƙayin ya ninku.

Ki yi tsarki da ruwa zalla, iyakar waje, kada ki tura yatsa ciki. Ki tsane da tsumma mai laushi. Sa kamfai na auduga, ki cire shi da dare. In ƙaiƙayi ya taso, ɗora tsumma mai sanyi maimakon susa. Akwai man sulɓi na ruwa da ake sayarwa a kemis don saduwa. Likita kuma yakan rubuta man istirojin na shafawa, amma ki sanar da shi idan kin taɓa yin ciwon dajin mama.

Kada ki jira idan kin ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, ko gyambo, ko fatar wurin ta yi fari-fari. Je ki asibiti a duba ki, kina iya neman malama mace. Idan kuma farin ruwa mai gudaji yana tafiya yana dawowa, ki ce a auna miki suga.