Yadda ake gane halin babbar lamba kafin a fara raba ta

A ce matan wani adashi a birnin Tawa sun tara sefa 30,030, wato jika talatin da dala shida, suna so su san mutum nawa za su iya raba kuɗin daidai ba ragowa. Kafin a ɗauko na'urar lissafi, akwai abubuwan da ido kaɗai yake iya ganowa.

Fara da duba lambar ƙarshe. Tun da sifiri ce, lambar cika ce, ba mara ba, kuma tana rabuwa da 2 da 5. Sai ka tara lambobin da ke cikinta: 3 da 3 sun ba da 6, saboda haka tana rabuwa da 3, amma ba ta rabuwa da 9.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta 1,001, wadda 7 sau 11 sau 13 ce. Ware lambobi uku na ƙarshe, ka debe su daga abin da ya rage a gaba. Idan sakamakon sifiri ne, ko yana rabuwa da ɗaya daga cikin ukun nan, to babbar lambar ma haka take. A nan 30 aka debe daga 30, babu saura, don haka duka ukun sun shiga. Ke nan 30,030 ita ce 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13, lambobi shida na farko daga cikin gagara-rabo, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu.

Da yake kowacce sau ɗaya ta fito, lissafa 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 2 ka samu 64, adadin lambobin da ke raba ta ke nan. Sai dai a kasuwa da dala ake ƙirga, wato sefa biyar-biyar, kuma kuɗin nan, dala 6,006, hanyoyi 32 kawai yake rabuwa. Mata bakwai, alal misali, kowacce za ta tafi da sefa 4,290.

Domin sanin ajin 30,030, tara duk masu raba ta ban da ita kanta. Idan jimillar ta yi daidai da lambar, kammalalliya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128; idan ta gaza, mai giɓi ce; idan ta zarce, mai yalwa. Tamu ta ba da 66,738, fiye da ninkinta biyu.

Yi hattara da maƙwabciyarta, 30,031. Kowacce daga cikin gagara-rabo shidan nan ragowar 1 za ta bari, har mutum ya ɗauka gagara-rabo ce, alhali ba a yanke wannan hukunci sai an gwada kowace gagara-rabo har zuwa 173, domin 174 sau 174 ta riga ta wuce lambar. Wanda ya yi haƙuri zai tarar a 59 take tsagewa: 59 sau 509 ce.